An Miƙa Mini Usur, Ni Kuwa Ban San Dokar Ƙwallo Ba

TAMBAYA

Ni malamin lissafi ne a wata makarantar firamare a Gusau. An yi wa malaminmu na wasanni canjin wurin aiki, hedimasta kuwa da ya duba ya ga ni ne mai sauran ƙuruciya a cikin malamai, sai ya miƙa mini usur, ya ce ni zan yi alƙalancin gasar ƙwallo tsakanin azuzuwa a ƙarshen zangon nan. Gaskiya ban taso ina buga ƙwallo ba. Ɗan abin da na sani a gidan kallo na tsince shi, can kuwa kowa malami ne. Wannan ya ce ofsayid ce, wancan ya rantse ba ita ba ce, har a tashi ban gane mai gaskiya ba. 'Yan aji shida sun fi ni sanin harkar nesa ba kusa ba, ina tsoron in shiga fili su mai da ni abin dariya. Don Allah a yi mini bayanin dokokin tun daga tushe, musamman satar gida, da taɓa ƙwallo da hannu, da lokacin da ake ba da kati.

Wani malami, daga Gusau

AMSA

Malam, Allah ya ba da ladan koyarwa. Ka yi dabara da ka tambaya tun yanzu, don ba a fafe gora ranar tafiya. Kwantar da hankalinka. Dokokin ƙwallon ƙafa 17 ne kacal, wasu daga cikinsu ma bayanin fili ne da ƙwallo da kayan sawa. Sauran kuma ba hadda ake yi musu ba. Kusan kowacce an kafa ta ne don a toshe wani wayo da 'yan wasa suka ɓullo da shi. In ka gano wayon, dokar za ta zauna maka a kai ba tare da wahala ba, kuma za ka iya yanke hukunci ko a kan abin da ba ka taɓa gani ba.

A London aka fara rubuta su a 1863. Tun 1886 kuma wata hukuma mai suna IFAB ce ke riƙe da su. Ƙuri'a takwas ake kaɗawa a cikinta: Ingila da Sikotlan da Wales da Ireland ta Arewa kowacce na da ɗaya, FIFA na da huɗu, kuma ba a sauya doka sai an sami shida. Wato yankuna huɗu na Birtaniya na da rabi, sauran duniya kaf na da rabi. Wannan zance ne na wata rana, amma shi ya sa dokokin ba sa sauyawa da garaje.

Tun da lissafi ne sana'arka, ga alƙaluman a gurguje. Kowane ɓangare mutum 11 ne har da gola, in suka gaza bakwai babu wasa. Minti 45 sau biyu, hutun rabin lokaci kada ya wuce minti 15. Faɗin raga mita 7.32, tsayinta mita 2.44. Babban akwatin da ke gaban raga, wanda 'yan kallo ke kira yadi 18, mita 16.5 ne daga layin raga, a cikinsa kaɗai gola ke da ikon kama ƙwallo da hannu. Ɗigon fenareti mita 11. Tazarar da abokan hamayya ke bayarwa in za a yi bugun tazara mita 9.15 ce, kusan taku goma na babban mutum. Na yara duk ana rage su, za mu zo kan wannan.

Abu na farko da za ka riƙe da kyau shi ne layi. Layin da aka shata ɓangare ne na fili. Ƙwallo ba ta fita ba, kuma ba ta shiga raga ba, sai dukkanta ta tsallake dukkan layin, a ƙasa ko a sama. Ko da cikinta ya sauka a waje, in gefenta na leƙen layin daga sama, tana cikin wasa. A gasar cin kofin duniya ta 2022 a Katar, Kaoru Mitoma na Japan ya tsamo wata ƙwallo da duk mai kallon talabijin ya rantse ta fita, aka ci Sifaniya da ita, aka duba aka ga ɗan gefenta bai rabu da layi ba, ci ya tabbata. Akasin haka ya faru a 2010 a Bloemfontein, inda ƙwallon Frank Lampard na Ingila ta bugi sandar sama ta sauka can cikin ragar Jamus, alƙali da mataimakinsa ba su gani ba, aka ci gaba da wasa. Wannan abin kunya na cikin abin da ya sa aka amince da na'urar layin raga a 2012. Kai ba ka da na'ura, saboda haka in ba ka ga ta shiga da idonka ba, ba ta shiga ba.

In ta fita ta gefe, jifa ce, kuma ta ɓangaren da ba su ne suka taɓa ta a ƙarshe ba. Hannu biyu, daga bayan kai ta bi ta samansa, ƙafa biyu a ƙasa, a kan layi ko bayansa. Ba a cin raga kai tsaye da jifa. In ta fita ta layin raga, sai ka tambayi kanka wa ya taɓa ta a ƙarshe. In masu kai hari ne, bugun gola. In masu gida ne, kwana.

To, satar gida, wato ofsayid. Fara da wayon da aka so a hana. Da babu wannan doka, kowace ƙungiya dogon yaro ɗaya za ta girke a bakin ragar abokan hamayya, ya yi ta hira da gola yana jiran a cillo masa daga nesa. Da wasa ya koma cille-cille, babu 'yan tsakiya, babu dabara. Shi ne aka ce: a lokacin da ɗan'uwanka ya bugo maka ƙwallo, in kana cikin rabin filin abokan hamayya, kana gaba da ƙwallon, kuma babu aƙalla mutum biyu nasu tsakaninka da layin ragarsu, to ka tsaya a wurin satar gida. Da can ma mutum uku ake nema, sai a 1925 aka mai da su biyu, don 'yan baya sun gano lagon dokar har ci ya yi wuya. Kakar da ta biyo baya ƙwallayen da aka ci a babban rukunin Ingila suka tashi daga 1,192 zuwa 1,703.

Mutum biyun nan yawanci gola ne da ɗan baya ɗaya, shi ya sa za ka ji ana ta cewa "ɗan baya na ƙarshe". Amma doka ba ta ambaci gola ba, mutum biyu ta ce. A wasan buɗe gasar duniya ta 2010, Carlos Vela na Meziko ya zura ƙwallo a ragar Afirka ta Kudu aka soke, jama'a suka yi ca a kan mai tuta, wato mataimakin alƙali, ga ɗan wasa tsaye a kan layin raga ƙiri-ƙiri. Ashe gola ya fito ya wuce Vela, saura mutum ɗaya ke nan a gabansa. Mai tuta ne da gaskiya.

Inda mafi yawan gardamar gidan kallo take shi ne lokaci. Ba inda ɗan wasa yake sa'ad da ƙwallo ta iso shi ake dubawa ba, inda yake sa'ad da ta bar ƙafar mai bugowa. A wannan ƙiftawar ka ɗauki hoton filin a zuciyarka, da shi za ka yi hukunci. Yaro na iya tasowa daga bayan 'yan baya da gudu, kafin ƙwallo ta sauka ya ba su taku biyar, kuma bai yi laifin komai ba. Manyanmu da suka kalli wasan ƙarshe na Olamfik ta 1996 a Amurka sun ga yadda wannan ke aiki. Najeriya da Ajantina ana 2 da 2, lokaci ya kusa cika, Najeriya ta sami bugun tazara. 'Yan bayan Ajantina suka ruga gaba a tare don su bar 'yan Najeriya a tarkon satar gida, sai dai ba su fita a kan kari ba. Emmanuel Amunike ya tsinci kansa shi kaɗai, ya ɗaɗa ta a raga. Suka yi ta ɗaga hannu suna bin alƙalin wasa Pierluigi Collina, bai saurare su ba, Najeriya ta ɗauki zinare da 3 da 2.

Saura 'yan ƙa'idoji da ke biye da ita. Tsayawa a wurin satar gida shi kaɗai ba laifi ba ne. Sai in mutum ya taɓa ƙwallon, ko ya tare wa gola gani, ko ya yi takara da ɗan baya a kanta, ko ta dawo masa daga turke ko daga hannun gola ya ci moriyar tsayuwarsa. Wanda ya yi kafaɗa da kafaɗa da mutum na biyun bai yi satar gida ba, haka dokar take tun 1990. Hannu ba ya cikin awo, kai da gangar jiki da ƙafa ake dubawa. Wanda ke bayan ƙwallo ba ya satar gida ko da shi da ɗan'uwansa sun wuce kowa. Babu satar gida ga wanda ya karɓi ƙwallo kai tsaye daga jifa, ko kwana, ko bugun gola. Hukuncinta bugun tazara ne kawai, babu kati.

Bugun tazara iri biyu ne. Akwai na kai tsaye, wanda in an buga ya shiga raga ci ne. Akwai wanda dole sai wani ya taɓa kafin ya zama ci, irin na satar gida ke nan. In ka ba da irin na biyun, ɗaga hannunka ɗaya sama ka bar shi har sai an buga wani ya taɓa. Yara masu kallon ƙwallon Turai sun san wannan alama, za su kuma lura in ka yi ta.

Yanzu ƙeta. Taɗiye, harbi, turi, riƙe riga, bangaza, faɗa wa mutum ta sama, duk bugun tazara ne na kai tsaye, in kuwa mai gida ya aikata a cikin akwatinsa, fenareti. Doka ta yi musu hawa uku. In sakaci ne kawai, busa ka ba da bugu. In ganganci ne, mutum ya shiga bai damu da abin da zai sami abokin karawarsa ba, katin gargaɗi mai ruwan ɗorawa. In ƙarfin ya wuce kima har yana iya karya ƙafa, jan kati. Za ka sha jin "Malam, ai ƙwallo na fara taɓawa!" Wannan ba hujja ba ce. Wanda ya taɓa ƙwallo sannan ya bi da ƙusoshin takalmi a ƙaurin ɗan mutane ya yi laifi. Haka kuma ba kowace haɗuwar jiki ce ƙeta ba, kafaɗa da kafaɗa a kan ƙwallo halas ne. In an yi wa yaro ƙeta amma ka ga ƙungiyarsa na gab da ci, kada ka busa. Miƙa hannuwanka gaba ka ce a ci gaba, in da kati ka bayar bayan ƙwallo ta fita. Busawa a nan lada ce ga mai laifi.

Katin kansa bai daɗe ba. A 1966, a wasan Ingila da Ajantina a Wembley, alƙali Bajamushe ya kori kyaftin ɗin Ajantina Antonio Rattín, ba mai jin harshen wani, aka daɗe ana jayayya kafin ya fita. Wani tsohon alƙalin wasa Baturen Ingila, Ken Aston, ya ɗauko dabarar daga fitilar ba da hannu ta kan titi, aka fara amfani da kati a gasar duniya ta 1970 a Meziko. Ban da ganganci, ana ba da katin gargaɗi kan gardama da alƙali, ɓata lokaci, faɗuwar ƙarya, ƙin ja da baya a bugun tazara, da tuɓe riga wajen murnar ci. Jan kati kuwa na duka ne, da cizo, da tofa yawu, da zagi, da hana cin da ya tabbata ta hanyar laifi, da kuma katin gargaɗi na biyu. Wanda aka kora ba a maye gurbinsa.

Kuma ikon alƙali ba ya tsayawa don ƙwallo ta fita. Mun ga haka a kan ɗanmu. A gasar duniya ta 2010 Najeriya na cin Girka 1 da nema, ƙwallo ta fita jifa, aka ɗan yi cacar baki a bakin layi, Sani Kaita ya ɗaga ƙafa ya kai wa Vasilis Torosidis. Ba wani mugun harbi ba ne, amma niyyar duka ce, aka ɗaga masa jan kati tun ba a je hutu ba, Girka ta farke ta ƙara, aka tashi 2 da 1. Ka ba yaranka wannan labari kafin gasa, zai fi musu dogon wa'azi amfani.

Hannu. A doka hannu daga ƙasan hammata ya fara zuwa yatsu, kafaɗa ba ta ciki. Kuma ba duk ƙwallon da ta taɓa hannu ce laifi ba, duk da ihun "hanbol!" da za ka ji daga kowace kusurwa. Laifi ne in mutum ya kai hannunsa ga ƙwallo da gangan. Laifi ne in ya baza hannuwa ya ƙara wa jikinsa faɗi ta yadda motsin da yake yi bai buƙaci haka ba. Sannan in ƙwallo ta taɓa hannun mai kai hari ta shiga raga, ko shi da kansa ya ci nan take bayan ta taɓa, an soke ko da bai yi niyya ba. Amma yaron da aka ɗirka wa ƙwallo daga taku biyu, hannunsa na manne da jikinsa, bai yi komai ba. A ganina nan ne dokar ta fi rauni, an yi ta yi mata kwaskwarima a 'yan shekarun nan, har manyan alƙalai na saɓa wa juna. Tambaya ɗaya za ta fisshe ka: hannu ne ya je wa ƙwallo, ko ƙwallo ce ta zo wa hannu a inda ya kamata hannu ya kasance?

Akwai abin da ba ka da ikon yi ko da zuciyarka ta so: ba da cin da bai shiga ba. A daren 2 ga Yuli 2010 a Johannesburg, Gana da Uruguay na 1 da 1 a minti na ƙarshe na ƙarin lokaci, Dominic Adiyiah ya sa kai, ƙwallo ta nufi raga ba makawa, Luis Suárez ya sa hannu ya doke ta a kan layi. Alƙali ya yi duk abin da doka ta ba shi, jan kati da fenareti. Asamoah Gyan ya buga ta daki sandar sama, Uruguay ta yi nasara 4 da 2 a bugun daga kai sai mai tsaron gida, Afirka ta rasa zuwa wasan kusa da na ƙarshe. Har gobe abin na yi wa mutane ciwo daga Kumasi har Kano, ni ma ina ganin mai laifi ne ya ci riba. Amma in irin haka ta faru a filinku, hukuncin ke nan.

Gola na da nasa takunkumin. In ɗan'uwansa ya mayar masa da ƙwallo da ƙafa da gangan, ko ya jefo masa daga jifa, ba zai kama da hannu ba. In da kai ko ƙirji aka mayar, ya kama abinsa. An kafa wannan a 1992, bayan gasar duniya ta 1990 a Italiya ta gundiri jama'a, 'yan baya na ta tura wa gola yana runguma ana cinye lokaci. In ya karya ta, ba fenareti ba ne, bugun tazara ne irin wanda sai wani ya taɓa. Daga 2025 kuma, golan da ya riƙe ƙwallo fiye da daƙiƙa takwas kwana ake ba abokan hamayya, alƙali na ƙirga biyar ɗin ƙarshe da yatsu a sama.

A fenareti, wanda ke cikin doka tun 1891, kowa ya fita daga akwati ya koma bayan ƙwallo, ban da mai bugu da gola. Gola ya bar aƙalla ɓangaren ƙafa ɗaya a kan layi, ko daidai da shi, ko bayansa, har a buga. In ta daki turke ta dawo ba wanda ya taɓa, mai bugun ba zai sake taɓa ta ba. In gola ne ya amayo ta, ya bi abinsa.

Agogo na hannunka kai kaɗai, ba a tsayar da shi, sai dai ka ƙara abin da aka ɓata a ƙarshen kowane rabi. Rubuta lokacin da ka fara a takarda. A gasar kofin Afirka da aka yi a Kamaru a Janairun 2022, alƙali Janny Sikazwe na Zambiya ya tashi wasan Mali da Tunisiya a minti na 85, aka dawo, ya sake tashi minti 90 ba su cika ba. Daga baya aka ce zafin rana ne ya buge shi. Kai da za ka tsaya a ranar Gusau, sa gasar da safe ko bayan la'asar, ka tanadi ruwa. A takardar nan kuma ka riƙa rubuta sunan duk wanda ka ba kati, don a 2006 Graham Poll na Ingila sai da ya ba ɗan Kuroshiya Josip Šimunić katin gargaɗi uku kafin ya kore shi.

Game da yaranka, dokokin da kansu sun yarda a sassauta wa ƙanana wajen girman fili da raga da ƙwallo, da tsawon lokaci, da canji. Minti 20 sau biyu ya ishi 'yan firamare. Manya canji biyar suke yi, kai bar kowa ya shiga ya fita don kowane yaro ya taɓa. Kada ka haɗa mai takalmin ƙusa da mai ƙafa tsirara a fili ɗaya, ko duka su sa kambas ko duka su tuɓe. A cire zobe da agogo da duk abin da zai ji wa wani rauni, gola kuma ya sa riga mai launi dabam. In babu toka ko farar ƙasa ta shata layi, a ja shi da sanda ya fito sosai. Nemi malamai biyu su riƙe tuta, kowanne ya bi rabin fili yana daidaita kansa da ɗan baya na ƙarshe, amma su sani shawara suke ba ka, usur naka ne. In ba ka samu ba, ka busa satar gidan da ta fito fili kawai, ka kuma sanar da haka tun farko.

Kafin a take wasa, kira kyaftin biyu ka gaya musu dokokin unguwa, irin su kwana uku fenareti, ba sa aiki a nan, kuma kyaftin ne kaɗai zai yi maka magana. In ka busa, busa da ƙarfi, ka nuna da hannu inda bugun ya nufa, ka matsa. Kana da damar sauya hukunci in mai tuta ya nuna maka abin da ba ka gani ba, amma sai in ba a ci gaba da wasa ba tukuna.

In wasan ƙarshe ya tashi canjaras, tsallake ƙarin lokaci ka tafi bugun daga kai sai mai tsaron gida. Biyar-biyar ne, ana karɓa-karɓa, in wani ɓangare ya yi nisan da ba za a kamo shi ba sai a tsaya. In an yi kunnen doki, a ci gaba ɗaya-ɗaya har wani ya ci wani ya ɓarar. Waɗanda ke cikin fili lokacin da ka busa tashi su kaɗai za su buga, kuma ba mai maimaitawa sai kowa ya buga, har da gola.